Gwajin awa 24 bai isa shaida ba

Mai da ruwa ba sa jituwa. Man shafawa, mayonis da wasu magungunan sha suna zama a gauraye ne saboda sinadarin da ke lulluɓe kowane ɗigon mai ya hana shi haɗewa da ɗan'uwansa. Da yawa daga cikin waɗannan sinadarai daga man fetur ake samo su, shi ya sa hankalin masu bincike ya karkata ga waɗanda bakteriya da yis ke fitarwa. Ɗaya daga ciki shi ne surfactin na Bacillus subtilis, bakteriyar da ke mayar da kalwa daddawa.

Matsalar tana wajen gwaji. Abin da aka saba shi ne a zuba mai da ruwan sinadarin a kwalba, a girgiza na minti biyu, a ajiye awa 24, sannan a auna kaurin abin da bai rabu ba. Sakamakon yakan yi kyau a takarda. Amma gauraye a hankali yake tsufa. Ɗigon mai yana tasowa sama kamar maiƙo a kan nono, maƙwabta suna haɗewa, ƙanana kuma suna narkewa suna ƙara wa manya girma, wanda kan ɗauki makonni ko watanni kafin ido ya gani. Zafi yana gaggauta duk wannan, ga shi kuwa a watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40. Surfactin kansa yakan daskare ya kwanta idan ruwan ya yi tsami. Hatta saurin ruɓewar da ake yabon waɗannan sinadarai da shi yana nufin wasu ƙwayoyin za su iya cinye su tun suna cikin kwalba.

A harkar magunguna an daɗe da sanin haka. Ƙa'idar ƙasashe masu zafi da laima ita ce a ajiye kaya a digiri 30 tsawon watanni, a yi gwajin gaggawa a digiri 40 na wata shida.

Jami'an da ke tantance buƙatun tallafin bincike a TETFund da Majalisar Bincike da Bunƙasa Albarkatun Masana'antu suna da damar shigar da wannan cikin sharaɗi: wata nawa aka ajiye gaurayen, a wane zafi, kuma yaya girman ɗigon ya sauya? Sai dai dole kasafin ya ɗauki nauyin watannin da kuɗin wutar da za ta riƙe na'urar ajiya a kunne, domin mai masana'anta a Kano ba zai sayi sinadarin da ba a gwada shi fiye da kwana ɗaya ba.