Mai Saye Hannu Yake Bi

A hutun da ya wuce, mahaifina ya aike ni kasuwar Zuru in karɓo masa babbar riga mai aska takwas. Na tarar tsohon maɗinkin ya bar shagon, an ɗora wani saurayi. Da Baba ya duba aikin sai ya ce, "Shagon dai shi ne, amma hannun ya sake." Tun ranar bai koma ba.

Ashe har Turai haka abin yake. Kamfanin Gucci na Italiya ya rabu da babban mai zana tufafinsa, Alessandro Michele, a 2022, ya ɗauko Sabato De Sarno a 2023. A 2024 ciniki ya faɗi da fiye da kashi 20 cikin ɗari. A 2025 ya tafi, aka kawo Demna. Lalle kasuwar ƙasar Sin ma ta yi sanyi a lokacin, amma a ganina mai saye hannun da ya saba da shi yake bi.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, wanda ya gāji shago a cikinmu kada ya yi gaggawar sauya gwani. Sabo ya zauna gaban tsoho ya koya tukuna, domin da tsohuwar zuma ake magani.