Ra'ayi: Ɗan akwatin Rubik ya cancanci gurbi a fadojin Tawa

Daga watan Nuwamba, da an gama girbi, ƙauyukan Adar kan fara raguwa da maza. Wasu su nufi Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu su gangara Najeriya. Waɗanda suka rage a birnin Tawa, ɗalibai da masu neman aiki, suna da abu guda a yalwace, wato lokaci. Mafi yawansa a fada yake ƙarewa, tsakanin butar shayi da wayar hannu, kuma kowa ya san a cikin wayar nan akwai cacar ƙwallo da ke lashe ɗan kuɗin da yayye suka turo daga cirani. A irin wannan zama ne ɗan akwatin nan mai launi shida, Rubik's Cube, yake da amfani, ko da yake da yawa kallon kayan wasan yara suke yi masa.

Wanda ya ƙirƙiro shi a 1974, Ernő Rubik, malamin zanen gine-gine ne a birnin Budapest na ƙasar Hungary, kuma shi kansa sai da ya kwashe kusan wata guda kafin ya iya mayar da launukan wurarensu. Ana iya hargitsa akwatin ta hanyoyin da yawansu ya haura lamba 43 mai sifili 18 a bayanta. Duk da haka a 2010 masu bincike suka tabbatar, da taimakon kwamfutocin Google, cewa babu hargitsin da ba ya warwaruwa cikin juyi 20 ko ƙasa da haka. A gasar duniya ta farko a 1982, Minh Thai na Amurka ya yi nasara da daƙiƙa 22.95. A watan Yunin 2023 Max Park ya warware shi cikin daƙiƙa 3.13, daga baya kuma yara ƴan ƙasar Sin suka sauko ƙasa da haka.

Waɗannan alƙaluma kan sa mutum ya ɗauka sai mai baiwa, alhali karatu ne kamar kowane. Abu na farko da mai koyo yake ganewa shi ne ƙwayoyin tsakiya guda shida ba sa sauya wuri, su ke faɗin launin kowace fuska. Sauran ƙwayoyin gefe 12 da na kusurwa 8 ne ke yawo. Daga nan sai a bi hawa-hawa, da ƴan jerin juyi da ba su kai goma ba da za a haddace. Yaron da ya saba hadda a makarantar allo ba zai ji wannan da nauyi ba. Wanda yake son sauri kuwa sai ya koma kan tsarin CFOP, wanda Jessica Fridrich ta yaɗa a intanet a 1997, inda hawan ƙarshe kaɗai yake da jerin juyi 78. Abin mamakin shi ne, a wannan mataki gaggawa ce ke jawo jinkiri. Mai juyawa da ƙarfi yakan tsaya cak yana neman ƙwaya ta gaba, mai juyawa a hankali kuwa idonsa ya riga hannunsa zuwa can, sai ya gama da wuri.

Akwai masu tallata akwatin da cewa yana mayar da yaro gwanin lissafi. Wannan zuƙi ta malle ce, kuma bai kamata a sayar wa iyaye ita ba. Wanda ya iya warware shi cikin daƙiƙa 20 yana iya faɗuwa jarrabawar BEPC idan bai yi karatu ba. Abin da yake koyarwa ya fi wannan ƙanƙanta, amma na gaske ne: mutum ya auna kansa da agogo, ya gano matakin da ke cinye masa lokaci, ya maimaita shi sau ɗari, ya ga lambar ta sauko. Matashin da ya yi wata uku ya tashi daga minti biyu zuwa daƙiƙa 40 ya ga sakamakon da hannunsa ya kawo. Caca kuwa kishiyar wannan take koyarwa, a zauna a jira sa'a.

Dattawa za su ce ai muna da dara, kuma da gaskiyarsu. Dara ta fi shi zumunci, domin sai da abokin karawa da ƴan kallo masu tsoma baki, kuma ba a sayen ta, ƴan ramuka ne a ƙasa da tsinke ko tsakuwa. Babu dalilin da zai sa ɗaya ta kori ɗaya. Sai dai akwatin yana shiga aljihu, ba ya neman caji ranar da aka ɗauke wuta a zafin Afrilu, kuma yarinya tana iya koyon sa a cikin gida, abin da dandalin dara bai cika ba ta dama ba.

Cikas biyu ne na zahiri. Na farko kaya: akwatunan da ake samu cikin tarkacen wasan yara suna da tauri, suna maƙalewa, suna kashe wa mai koyo gwiwa. Na gasa yana da laushi, wasu har da ƙananan maganaɗisu a ciki. Nan ƴan cirani suke da rawar takawa, domin uku ko huɗu daga cikinsu ba su kai nauyin takalmi ɗaya a jaka ba, kuma akwati ɗaya yana isar fada guda. A dai kula da ƙurar hunturu: a buɗe, a goge, kada a zuba masa man gyaɗa ko na inji. In an wargaza shi kuma a haɗa shi a warware, don in aka haɗa barkatai, sau ɗaya cikin 12 ne kawai zai warwaru. Na biyu harshe: darussan bidiyo galibi da Turanci ko Faransanci suke, kuma suna cin kuɗin intanet. Amma alamomin juyin haruffa shida ne kacal, R, L, U, D, F da B. Ɗalibi ɗaya na Jami'ar Djibo Hamani zai iya rubuta bayaninsu da Hausa a shafi biyu, a buga, a raba a makarantu.

Tawa ba baƙuwar gasa ba ce, a nan aka yi kokawar takobi ta ƙasa ta farko a 1975. Gasar akwati ba ta buƙatar fili ko makaɗa. Ƙa'idar hukumar World Cube Association, da aka kafa a 2004, a bayyane take: daƙiƙa 15 na dubawa, warwarewa sau biyar, a jefar da mafi sauri da mafi jinkiri, a ɗauki matsakaicin ukun da suka rage. Kafin sakamako ya shiga kundin duniya dole sai da wakilin hukumar a wurin, amma gasar unguwa ko ta makarantu a gidan matasa tebur biyu take nema, da agogon waya, da malami ɗaya mai riƙe takardar maki.