Tallafin Ɗalibai: Wa Zai Biya Kuɗin Gudanarwa?

Tun shekarar 2011 Jihar Arizona ta Amurka ta ɓullo da tsarin buɗe wa wasu ɗalibai asusu, gwamnati ta riƙa zuba musu kuɗin karatu a ciki, kuma a 2022 ta faɗaɗa shi ga dukkan yaran jihar. A nan gida, dokar lamunin ɗalibai ta 2024 da tallafin karatu da Jihar Jigawa ke bayarwa sun kama hanya makamanciyar wannan. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai ake yin ta ba: wa zai ɗauki nauyin aikin da ke kai kuɗin hannun mai shi?

Ko shakka babu, kuɗi ba ya kai kansa. Kafin ɗalibi daga wani ƙauye a Sule Tankarkar ko Gagarawa ya ga ko da kwabo, sai an tantance takardunsa, an haɗa lambarsa ta BVN da asusun banki, sannan jami'i ya tabbatar yana makaranta. Duk wannan na buƙatar ma'aikata da kwamfuta da man fetur, wanda farashinsa ya yi tashin gwauron zabi tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023. Idan ba a ware wa wannan aiki kasonsa ba, ɗayan biyu ne: ko a yanke daga haƙƙin ɗalibi a ɓoye, ko a bar mahaifinsa ya sayar da akuya a kasuwar Maigatari domin kuɗin mota zuwa Dutse. Idan kuma aka saki kason ba iyaka, sai abin ya zama kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Dokar TETFund ta 2011, asusun da Kwalejin Ilimi ta Gumel ke cikin masu cin moriyarsa, ta ƙayyade cewa abin da za a keɓe domin gudanarwa da sa ido kan ayyuka kada ya wuce kashi 5 cikin 100.

Don haka muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Jigawa da ta yi koyi da wannan. A ba kuɗin gudanarwa gurbinsa daban a cikin kasafi, a sanya masa iyaka a doka, a kuma wajabta wa babban mai binciken kuɗi na jiha bayyana yadda aka kashe shi kowace shekara. Haka nan a riƙa tantance ɗaliban masarautar Gumel a garin Gumel, domin jami'i ɗaya ya yi tafiya ya fi ɗaruruwan ɗalibai su yi ta. Ya kamata a daidaita wannan tun kafin a zartar da kasafi na gaba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.