Sanda Mai Lamba 7 Ba Farilla Ba Ce

Da ƙarewar hunturu a Birtaniya, lokacin da manyan tafkunan Ingila ke sake buɗewa ga masu fatsar kifin tirawut, shagunan kayan su da mujallun da ke cin abinci da tallarsu sun sake fito da tsohuwar shawarar da suke bai wa kowane sabon shiga, wato ya sayi sanda mai tsawon ƙafa 10 wadda aka ƙera don igiya mai lamba 7, ko ma 8, matuƙar yana son ya yi fatsa a ruwan da ba ya gudu. An maimaita wannan magana a makon nan kamar yadda aka maimaita ta bara da bara waccan, ba tare da an tambayi mai saye wane irin tafki zai je ba, ko shekarunsa nawa, ko wane irin ƙwaro yake da niyyar jefawa, kuma wannan sakacin ne ya tilasta wa shafin nan komawa kan batun da masu bibiyarsa suka san ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya.

Fatsar da ake magana a kanta ita ce wadda ba a sa mata ƙoto, sai dai ƙwaron kwaikwayo da ake ɗaurawa a jikin ƙugiya da gashin tsuntsu da zare, kuma tun da wannan ƙwaro ba shi da nauyin da zai kai kansa nesa, igiyar ce ake yi wa nauyi domin ta ɗauke shi idan mai fatsa ya kaɗa ta baya ya kaɗa ta gaba a cikin iska. Saboda haka lambar da ake rubutawa a gindin sanda tana nuna nauyin igiyar da ta dace da ita. A shekarar 1961 ƙungiyar masu ƙera kayan fatsa ta Amurka ta tsayar da ma'auni guda, inda ake auna ƙafa 30 na farkon igiya, kimanin mita 9 ke nan, a ba ta lamba gwargwadon abin da sikeli ya nuna. A bisa wannan ma'auni igiya mai lamba 5 tana da nauyin giram 9 da ɗan ɗoriya, mai lamba 6 giram 10 da kusan rabi, mai lamba 7 giram 12, mai lamba 8 kuwa ta haura giram 13 da rabi. Bambancin giram 3 tsakanin lamba 5 da lamba 7 zai iya zama abin raini a kan takarda, amma wanda ya yini yana tayar da wannan nauyi daga ruwa, yana tsayar da shi a sama, yana juya shi a ƙarshen sanda mai tsawon mita 3, wuyan hannunsa da gwiwar hannunsa ne za su ba shi labari da yamma, domin duk abin da aka ƙara a can ƙarshen doguwar sanda yakan ninka kafin ya iso hannun da ke riƙe da ita.

Yadda sanda mai nauyi ta zama kamar doka yana da tarihi, kuma tarihin ba mai tsawo ba ne. Tafkin Blagdon da ke kusa da Bristol ya buɗe ga masu fatsa tun 1904, kuma a gaɓarsa ne wani likita, Dokta Bell, ya riƙa buɗe cikin kifayen da ya kama yana nazarin abin da suka ci, har ya ƙera ƙananan ƙwarin kwaikwayo masu kama da tsutsotsin ruwa, yana jan su a hankali ba tare da neman nisa ba. Sauyi ya zo ne bayan da aka buɗe tafkin Grafham a 1966. Ruwa ya malale gonaki, abinci ya yawaita, kifaye suka yi girma da ƙarfin da masu fatsar Ingila ba su saba gani ba, jama'a suka yi cincirindo a gaɓa har kifi ya ja baya zuwa tsakiya, sai gasar jifa mai nisa ta kankama. Masu fatsar yankin Northampton, waɗanda Bob Church ya fi shahara a cikinsu, suka yaɗa salon jefa manyan ƙwari masu kama da 'ya'yan kifi da igiyoyi masu nutsewa, a ja su da sauri, kuma wannan salo yana buƙatar sanda mai ƙarfi ba shakka. Da aka buɗe tafkin Rutland a 1977, wanda ya ninka Grafham girma, sai ɗabi'ar ta ƙara kafuwa. Abin da ake mantawa shi ne cewa sandunan wancan zamani galibi na zaren gilashi ne, masu kauri da lanƙwasa, kuma sai a cikin shekarun 1970 ne zaren kabon, wanda masana suka inganta a cibiyar binciken jiragen sama ta Farnborough, ya shiga ƙirar sandunan fatsa. Sandar kabon ta yau mai lamba 5 tana da saurin miƙewa da ƙarfin gindin da tsofaffin sandunan gilashi masu lamba mafi girma ba su kai ba, amma shawarar da ake bayarwa a kan kantar shago tana nan yadda aka bar ta shekara 50 da suka wuce.

Mafi yawan waɗanda ake sayar wa wannan sanda ba Rutland za su je ba. Za su je ƙananan tafkuna ne na kuɗi, masu faɗin kadada kaɗan, waɗanda itatuwa suka kare su daga iska, inda ake zuba tirawut mai ratsin bakan gizo, ɗan asalin yammacin Amurka ta Arewa, wanda nauyinsa a mafi yawan lokuta bai wuce kilo 1 da ɗan wani abu ba. Abincin da wannan kifi ya fi dogara da shi a ruwan tsaye shi ne 'ya'yan wani ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo, waɗanda ke tasowa daga laka a hankali su rataye a ƙarƙashin fatar ruwa kafin su fashe su tashi. Mai kwaikwayon wannan ƙwaro yana ɗaura biyu ko uku a kan siririn zare mai tsawo da ake haɗawa da bakin igiya, ya jefa, sannan ya bar iska ta ja igiyar ta yi baka a kan ruwa, shi kuwa yatsunsa suna tattara rarar igiya kaɗan kaɗan, wani lokaci ma ba ya ja ko kaɗan. Cizon kifi a irin wannan hali yakan zo ta ɗaya daga hanyoyi biyu, ko dai bakin igiya ya ɗan nutse kamar an taɓa shi da yatsa, ko kuma kifin ya fizge ta gaba ɗaya ba gargaɗi. A hali na farko igiya mai sauƙi ta fi nuna motsin, domin ba ta da nauyin da zai shanye shi. A hali na biyu kuwa kan sanda mai laushi ne ke lanƙwasawa ya karɓi fizgar kafin ta isa ga siririn zare, alhali sanda mai tauri da igiya mai kauri da ruwa ke riƙewa sukan bar zaren ya ɗauki bugun shi kaɗai, ya tsinke a ƙulli, kifi ya tafi da ƙugiya a baki, mai fatsa kuma ya ɗora laifi kan kamfanin da ya yi zaren.

Akwai kuma batun saukar igiya. A ranar da iska ta kwanta, ruwa ya yi sumul, kifaye suna yawo a sama suna tsintar ƙwari har ana ganin ƙayar bayansu tana yanka ruwa, igiya mai lamba 8 tana faɗuwa da ƙara da fantsama, kuma kifin da aka sha kamawa ana saki ya riga ya koyi ma'anar wannan ƙara. Mai lamba 5 tana sauka a hankali, tana barin ƙwaron ya isa gaban kifi ba tare da shela ba. Wanda ya zo irin wannan wuri da sandar jifan nisa ya yi kama da wanda ya ɗauko gatari don fere ƙwarya.

A nan ne ya kamata a faɗi magana ba tare da rufa-rufa ba, domin abin da ake sayar wa mutane a hakika shi ne nisa, kuma nisa yaudara ce a mafi yawan ranaku. Ana nuna wa sabon shiga hoton gwani ya zare igiya gaba ɗaya, mita 27 ko fiye, a sa masa a rai cewa kifi yana can inda hannunsa bai kai ba, sai ya sayi sandar da ba zai iya sarrafawa ba, ya kutsa cikin ruwa har gwiwa da sassafe, ya kori kifayen da suka kwana suna kiwo a bakin gaɓa, sannan ya yini yana dukan iska yana ƙulla zarensa da kansa. Tsofaffi da mata da yara ne suka fi shan wannan wahala, kuma da yawa daga cikinsu sukan jingine sandar a bayan ƙofa bayan 'yan fitowa kaɗan suna zaton su ne ba su iya ba. Wannan asara ce ga sana'ar da kullum take kukan cewa matasa ba sa shigowa, kuma masu shagon da ke ba da shawara ɗaya ga kowa suna da hannu a ciki, ko sun yarda ko ba su yarda ba. Arthur Cove, wanda ya yi suna a Grafham ɗin nan da ake kafa hujja da shi, ya kama kifayensa ne da ƙwaron kwaikwayo na gashin jelar wani tsuntsun daji, da dogon zare, da jan da ya fi tafiyar agogo jinkiri, a lokacin da na kusa da shi ke ta fafutukar kai igiya tsakiyar tafki.

Shafin nan ya sha kokawa kan wani abin da ya ƙara dagula lissafi, kuma ba zai gaji ba. Ma'aunin 1961 na igiya ne kawai, babu wata ƙa'ida da ta ɗaure masu ƙera sanda, don haka kowane kamfani yana rubuta lambar da ya ga dama. Da sanduna suka riƙa ƙara tauri saboda a burge mai gwaji a filin shago, sai masu yin igiya suka bi su da igiyoyin da suka haura ma'auni da rabin lamba, wasu ma da lamba guda cur, alhali kwalin yana ɗauke da tsohuwar lamba. Sakamakon haka mutum zai iya sayen kaya masu lamba 7 ya koma gida da abin da a gaskiya lamba 8 ne a hannu. Haka nan ana mantawa cewa lambar ta ƙafa 30 ce kawai, kuma mai fatsar da ya iya riƙe ƙafa 45 na igiya mai lamba 5 a iska, idan cikinta mai tsawo ne, yana jefa nauyin da ya kai na ƙafa 30 na mai lamba 7, wato ƙwarewar hannu tana samar da abin da ake cewa sai an saya.

Gaskiya ne cewa mai shiga kwale-kwale a Rutland ko babban tafkin Chew cikin iska mai ƙarfi, yana jan igiya mai saurin nutsewa daga zurfi da manyan ƙwari uku, yana buƙatar lamba 7, kuma babu mai hankalin da zai hana shi.

Hujjar da ta fi cancantar a saurara ita ce ta tausayin kifi, cewa sanda mai sauƙi tana tsawaita kokawa har kifi ya galabaita, tsokarsa ta cika da gajiya, ya mutu bayan an sake shi, musamman a tsakiyar zafi lokacin da ruwa ya doshi digiri 20 kuma iskar shaƙa ta ragu a cikinsa. Damuwar tana da tushe, amma an ɗora ta a inda ba nan take ba. Abin da ke iyakance ƙarfin da za a ja kifi da shi shi ne ƙarfin siririn zare da kuma yadda aka riƙe sanda. Mutumin da ya ɗaga sanda mai lamba 8 tsaye sama yana wasa da kifi da kanta kawai, yana jin tsoron tsinkewa, zai daɗe fiye da wanda ya kwantar da mai lamba 5 gefe, ya bar gindinta mai ƙarfi ya lanƙwasa, yana juya kan kifin duk lokacin da ya nufi wani ɓangare, domin na biyun ya amince cewa laushin sandarsa zai kare masa zare, saboda haka yana ja ba tare da ɗar-ɗar ba. Inda hujjar ta yi daidai shi ne a kan masu wuce gona da iri, waɗanda ke zuwa tafkin da aka zuba manyan kifaye da sanda mai lamba 2 ko 3, wadda aka ƙera don ƙananan rafuka, su haɗa da zare kamar gashi, su daɗe suna jan kifi har ya kife ciki sama don a ce sun iya. Wannan zalunci ne, kuma masu tafkin da suka hana shi sun yi daidai, kamar yadda suka yi daidai da suke dakatar da kamu a saki idan ruwa ya yi zafi, suke kuma wajabta ƙugiya marar ƙaya.

Ga mai zuwa ƙananan tafkuna, ko mai tsayawa a gaɓar manya a ranakun da iska ba ta haukace ba, sanda mai ƙafa 9 ko 9 da rabi, mai lamba 5, da igiya mai yawo a saman ruwa wadda nauyinta bai haura ma'auni ba, za ta ɗauki kusan duk aikin shekara, kuma wanda tafkinsa ke fili ba kariya sai ya hau lamba 6. Mai son fatsa daga kwale-kwale da ƙananan ƙwari zai iya neman ƙafa 10 a lamba 5 ko 6 ɗin, tun da tsawon yana taimaka wajen riƙe ƙwaron sama yana rawa a kan igiyar ruwa kusa da jirgi. Kada kuma kowa ya biya kuɗi saboda ya girgiza sanda a cikin shago ya ji ta da daɗi, domin sanda ba ta bayyana halinta sai an zura mata igiya an fita waje an jefa, kuma a nisan mita 10 zuwa 15 ya kamata a gwada ta, inda za a kama mafi yawan kifayen, sannan mai shagon da ya ƙi yarda da wannan gwaji a bar masa kayansa a tafi wani.