Igiya Kafin Tsiro

Shekarata ta farko a Jamus na yi ta ne a wani ƙauye na yankin Hallertau, arewa da birnin Munich. Duk inda ka waiga gonaki ne masu dogayen turaku da wayoyi a sama, tsayinsu ya kai mita 7, sai ka ce rumfunan kasuwa aka kafa aka manta da rufi. Babu wani yanki guda a duniya da ya kai nan faɗin gonakin hof. Furensa ake sa wa giya don ɗaci da hana ta lalacewa, wannan kuwa ba hanyata ba ce. Ni inuwa nake so a bakin taga, da shayin furen da mutanen wurin ke sha idan barci ya ƙi zuwa.

Dattijon da nake haya a gidansa ya ba ni guntun saiwar hof a watan Maris, na binne ta a jikin bango. Na taso ina ganin duma yana hawa danga ba wanda ya nuna masa hanya, don haka na ce wannan ma zai ji da kansa. Sai da tsiron ya kai gwiwa na soka masa wata gora mai santsi, wadda ko kafaɗata ba ta wuce ba. Cikin mako biyu ya cinye gorar, ya rasa abin kamawa, ya zubo ƙasa yana nannaɗe 'yan'uwansa. Ruwan Yuni ya same shi a cukurkuɗe, iska ba ta ratsa shi, ganyen ƙasa suka yi fari-fari da cuta. Abin ya dame ni ƙwarai, domin laifin nawa ne, ba na shukar ba.

Da sanyi ya shigo komai ya bushe, na ɗauka shi ke nan. Dattijon ya ce saiwar tana nan da ranta, kuma za ta yi shekaru tana fitowa.

"Yaro, igiya ake fara ɗaurawa," in ji shi. "Ranar da ka ga kansa ya leƙo, ka riga ka makara."

Tun ƙasa ba ta gama sakin sanyi ba muka hau tsani, muka ɗauro igiyar ɓawon kwakwa daga bakin rufi zuwa turke a ƙasa. Dalilin zaɓen igiya mai kaushi sai da na shafa jikin tsiron na gane shi. Hof ba shi da 'yan zaren nan da duma ke miƙawa ya kama abu. Jikinsa duka ƙananan gashi ne masu ƙugiya, su yake maƙalewa da su, su ne kuma suka bar mini jajayen layuka a hannu har kwana biyu.

A ƙarshen Afrilu tsiro fiye da goma suka fito. Dattijon ya sa na zaɓi uku masu ƙarfi na yanke sauran, ina yi zuciyata na ƙuna. Na naɗe su a igiya, washegari na tarar sun warware sun rataya. Na sake, suka sake. Ashe ta hagu nake juya su, shi kuwa hof yadda hannun agogo ke tafiya yake hawa, ko za ka kwana kana murɗa shi ba zai sauya ba. Shi ya sa har yau, duk da injinan da suka cika gonakin Hallertau, wannan aikin da hannu ake yinsa, gindi bayan gindi, mutum a durƙushe. Na daɗe ina tunanin wannan a kan tarbiyyar yara: sau nawa muke makara da igiya, sannan mu zo muna murɗa yaro ta inda halittarsa ba ta bi ba?

Da na bi da su ta dama, ban ƙara taɓa su ba. A ranakun zafi tsiro yakan ƙara kusan santimita 30 a yini guda. Nakan ɗaura jan zare a igiya da safe, da yamma in ga ya wuce shi. Bayan 21 ga Yuni, da yini ya fara raguwa, ya rage hawa ya shiga fitar da rassa da fure.

Farkon Satumba na tsinke fure ɗaya na murza. Wani gari rawaya mai danƙo ya manne mini a yatsa, ƙamshinsa tsakanin ɗanyar ciyawa da ɓawon lemo. Na shanya sauran a kan jarida a ɗakin sama, na cika kwalba biyu, na sauko na miƙa wa dattijon ɗaya.