Karatun likitan haƙori a Nijeriya: Maki nawa ne ke kai ɗalibi ga samun gurbi?

A kowace shekara dubban ɗalibai a Nijeriya kan kammala sakandare da kyakkyawan sakamako, su nemi gurbin karatun likita ko na likitan haƙori, amma daga ƙarshe su wayi gari babu sunayensu a jerin waɗanda aka ɗauka.

Tambayar da iyaye da dama kan yi ita ce, ta yaya yaron da ya ci dukkan darussansa zai rasa gurbi?

Amsar tana cikin yadda jami'o'i ke lissafa maki, da kuma ƙarancin guraben da ake takara a kansu, musamman ma a fannin haƙori.

Matakai uku

Mai neman gurbin karatun likitan haƙori sai ya tsallake matakai uku.

Na farko shi ne jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO, inda ake buƙatar kiredit a darussa biyar, watau Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da kuma Bayoloji. Jami'o'i da dama na sharɗanta cewa a samu dukkan biyar ɗin a zama guda.

Na biyu shi ne jarrabawar shiga manyan makarantu ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a shekarar 1978. Ana amsa tambayoyi a darussa huɗu, kuma jimlar makin ita ce 400.

Na uku kuwa shi ne jarrabawar tantancewa da jami'o'i ke shiryawa da kansu. An ɓullo da ita a shekarar 2005, gwamnati ta soke ta a 2016, sannan ta maido da ita a 2017.

To sai dai kuma cika waɗannan sharuɗɗa bai wuce ba ɗalibi izinin shiga layi ba. A shekarar 2025, alal misali, mafi ƙarancin makin JAMB da aka amince jami'o'i su ɗauki ɗalibi da shi shi ne 150, amma mai irin wannan maki ko kusa ba ya zuwa ga tsangayar koyon aikin likita.

Alƙaluman da hukumar ta fara fitarwa a shekarar sun nuna cewa daga cikin ɗalibai kusan miliyan 2 da suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba, yayin da waɗanda suka samu 300 ko fiye ba su kai kashi 1 cikin 100 ba.

Akasari daga cikin 'yan tsirarun da ke can saman jerin ne manyan jami'o'i ke cike gurabensu na likita da na haƙori.

Kiredit ma suna suka tara

Ɗalibai da yawa kan ɗauka cewa da zarar an samu kiredit biyar an gama da batun sakandare, saura a duƙufa a kan JAMB. A wasu jami'o'in wannan zato kan jawo asarar gurbi.

A tsarin da jami'ar Legas ta yi amfani da shi a shekarun baya-bayan nan, makin JAMB na ɗaukar kashi 50 cikin 100, jarrabawar tantancewa kashi 30, sakamakon sakandare kuma kashi 20.

A wannan lissafi, A1 a darasi guda na ba ɗalibi maki 4, shi kuwa C6 maki 2 kacal. Wanda ya samu A1 a darussa biyar ke nan yana da maki 20, mai C6 biyar kuma yana da 10, duk da cewa a takarda dukkansu sun cika sharaɗi.

Da yake ana raba makin JAMB ne gida 8 kafin a haɗa, wannan tazara ta maki 10 daidai take da maki 80 na JAMB.

Ma'ana, ɗalibin da ya ci 250 a JAMB yana riƙe da A1 biyar, ya sha gaban wanda ya ci 300 yana riƙe da C6 biyar, tun ma kafin su shiga zauren jarrabawar tantancewa.

A jami'ar Ibadan kuwa an saba raba makin ne gida biyu daidai wa daida, tsakanin JAMB da jarrabawar tantancewa. Saboda haka sakamako guda zai iya yin nauyi a wata jami'a, ya yi sauƙi a wata, kuma zaɓen jami'ar da za a nema na iya zama rabin nasara.

Ba maki kaɗai ba

A jami'o'in gwamnatin tarayya, ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce a ba da kashi 45 cikin 100 na gurabe bisa cancanta zalla, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, sai kashi 20 ga jihohin da aka ayyana a matsayin waɗanda aka bari a baya ta fuskar ilimin zamani, waɗanda akasarinsu a arewa suke.

Wannan ne ya sa ɗalibai biyu masu maki iri ɗaya za su nemi gurbi a wuri guda, a ɗauki ɗaya a bar ɗaya.

Masu sukar tsarin, musamman a kudancin ƙasar, na ganin yana danne haƙƙin masu ƙwazo. Masu goyon bayansa kuma na cewa maki ba ya auna basira kaɗai, yana kuma auna irin makarantar da yaro ya fito, domin wanda bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, ko bai taɓa kama kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ba a tsaye suka fara tsere da ɗan makarantar kuɗi ba.

Abin da ya faru a shekarar 2025 ya ƙara jefa shakku a kan dogaro da maki kacokan. A watan Mayu, shugaban JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya nemi gafara a bainar jama'a bayan wata tangarɗar na'ura da ta tilasta wa ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas sake zana jarrabawar.

A watan Agusta kuma, WAEC ta fara bayyana cewa kimanin kashi 38 cikin 100 ne suka samu kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi, kafin daga bisani ta gano kuskure wajen duba takardu, adadin ya koma kusan kashi 63.

Ƙarancin gurabe

Tushen matsalar dai shi ne yawan guraben. Majalisar kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, MDCN, ita ce ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta horar, bisa la'akari da yawan malamanta da kayan aikinta.

Koyon aikin haƙori na da tsada, domin kowane ɗalibi na buƙatar ya gwada hannunsa a kan haƙoran gwaji, daga baya kuma ya samu kujerar da zai duba marasa lafiya a ƙarƙashin kulawar malami. Don haka gurbin da ake ba makarantun haƙori yawanci 'yan gomomi ne a shekara.

Jami'ar da ta tsallake wannan iyaka kuwa ɗalibanta ne ke ɗanɗana kuɗarsu. A shekarar 2025 rikici ya taso a jami'ar Kalaba, bayan da ta bayyana cewa ta ɗauki ɗaliban haƙori fiye da gurbi 10 da aka amince mata, lamarin da ya jefa makomar ɗaruruwan ɗalibai cikin rashin tabbas, wasunsu sun riga sun shafe shekaru suna karatu.

Wannan na nuna cewa bayan neman maki, wajibi ne iyaye su bincika ko MDCN ta amince da tsangayar da 'ya'yansu ke nema.

Samun gurbin ma ba shi ne ƙarshen awo ba. Karatun shekaru 6 ne, kuma wanda ya kasa cin jarrabawar shekarar farko, ko babbar jarrabawar nazarin sassan jiki da ayyukansu, kan iya tsintar kansa a wani fanni dabam.

Halin da arewa ke ciki

Tsofaffin makarantun haƙori na Nijeriya duk a kudu suke. Ta Legas ce ta farko a shekarun 1960, kafin na Ibadan da Benin da Ile-Ife su biyo baya. Sai daga baya ne jami'ar Maiduguri da jami'ar Bayero ta Kano suka buɗe nasu.

Alhali kuwa buƙatar ta fi tsanani a yankin. Cutar noma, wadda ke farawa daga kumburin dasashi ta cinye fuskar ƙananan yara masu fama da tamowa, ta yi ƙamari a arewa maso yamma, har ta kai ga kafa asibiti na musamman dominta a Sakkwato a shekarar 1999.

Nijeriya ce ta jagoranci yunƙurin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a watan Disambar 2023. Cuta ce da ake iya tarewa idan an duba bakin yaro da wuri.

Muddin ba a ƙara yawan malamai da kayan koyarwa a waɗannan tsangayoyi ba, MDCN ba za ta ƙara gurabe yadda ake buƙata ba, kuma makin shiga zai ci gaba da yin tsada, ko da kuwa ɗalibai sun ƙara ƙwazo.

Kafin lokacin, abin da ke hannun ɗalibi shi ne ya san cewa takarar ta fara ne tun daga ajin farko na babbar sakandare, inda ake gina bambanci tsakanin A1 da C6.