Kada A Ƙetare Zauren Talaka Sai Da Takardar Alƙali

A cikin shekarar 2025 Majalisar Wakilai da Majalisar Dattawa suka amince da wani sabon ƙudurin doka na kare namun dajin da ke neman ƙarewa, wanda ya tsananta horon masu fataucinsu, ya kuma ƙara wa ma'aikatan bincike ƙarfi. An yi ta yabo, kuma ba laifi a yaba. Amma akwai maganar da masu yabon suka tsallake, ga shi kuwa ita ta fi shafar mutanen Arewa mazauna Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal. Wa zai ba ma'aikaci iznin fasa ƙofar mutum, kuma wa zai tuhume shi bayan ya fasa?

Tun da fari a sani, ba mai hankalin da zai tsaya wa ɓarayin daji. A watan Afrilu na 2019, cikin mako guda kawai, hukumar ƙasar Singafo ta kama kimanin tan 25 na ɓawon ɗankunya, dabbar nan mai sulke wadda ke nannaɗewa in ta ji tsoro, kuma daga Nijeriya aka yi lodinsa. A watan Janairu na 2021 kwastan suka tare fiye da tan 8 na ɓawon da hauren giwa a tashar jiragen ruwa ta Apapa. A watan Yuli na shekarar suka sake kama buhu 196 a unguwar Lekki. A farkon 2024 Gwamnatin Tarayya ta niƙe tan 2.5 na haure a Abuja. Wannan abin kunya ne ga ƙasa, kuma wajibi ne a kawar da shi.

To, amma wa ke cika kwantena da tan 8? Lalle ba mai maganin gargajiyan da ya shimfiɗa buhu a bakin titin Agege ba ne, ba kuma badukun da ke ɗinka takalmi a Sabon Badun ba. Masu wannan harka suna da jari, suna da lauyoyi, suna da masu buɗe musu hanya a tasha. Sai dai duk lokacin da aka miƙa wa mai kaki iko ba tare da shinge ba, ba a kan waɗannan yake fara gwada shi ba. A kan baƙo yake gwadawa, wanda ba ya jin Turanci sosai, ba shi da ɗan majalisa a garin, kuma ya fi son ya biya ya huta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda ke shakka ya tuna abin da ya faru kan shinkafa. A 2017 an fasa shagunan 'yan kasuwa cikin dare a Sango-Ota, a 2021 aka maimaita a kasuwar Bodija ta Badun, har magana ta kai Majalisar Dattawa. Masu shagunan ba sa nan aka kwashe kaya, saboda haka ba wanda zai iya tabbatar da abin da aka tarar da abin da aka ɗauka. Tsohuwar dokar kwastan ta 1958 ce ta ba ma'aikaci damar shiga wuri ba tare da waranti ba muddin ya ce yana da dalilin zargi. Wato shi ne mai zargi, shi ne mai auna zargin, shi ne kuma mai riƙe da guduma.

Alhali kuwa Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 37, ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Bai ce sai mai gidan bene ba. Ɗakin haya guda a Idi-Araba, wanda mutum shida ke kwana a ciki, gida ne a idon doka. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 kuwa ta shimfiɗa yadda ake bincike: a je gaban alƙali a yi rantsuwa, a faɗi wurin da abin da ake nema, a yi binciken a gaban shaidu, a rubuta duk abin da aka ɗauka. Har ta tanadi cewa in akwai matar kulle a ɗakin, a sanar da ita ta kauce kafin a shiga. Dokar da ta kafa hukumar kare muhalli ta NESREA a 2007 ita ma ta ce da takardar kotu ma'aikacinta zai shiga ya bincika. Ashe ba baƙon abu ake nema ba. Abin da ake nema shi ne a ɗora wannan ƙa'ida a kan kowane ma'aikacin da ke kame da sunan namun daji, na tarayya ne ko na jiha, kwastan ne ko malamin daji.

Ga inda gizo ke saƙa. Tun 1968 Kotun Ƙoli ta yanke cewa shaidar da aka samo ta hanyar binciken da bai bi ƙa'ida ba ana iya karɓarta. Dokar shaida ta 2011, sashe na 14 da na 15, ta bar wa alƙali ya auna, amma asalin hukuncin karɓa ne. To, in ma'aikaci ya san ko ya nemi takarda ko bai nema ba kotu za ta saurare shi, me zai kai shi layin majistare? Don haka rubuta "sai da waranti" kaɗai bai isa ba. Dole a rubuta abin da zai sami wanda ya ƙi nema.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna cewa kafin a samo takarda ɓarawo ya kwashe kaya. Wannan magana ce ta yaudarar wanda bai san kotu ba. Ba a gayyatar wanda ake zargi wurin neman waranti, ba a kuma sanar da shi. Manyan kamen da aka yi a Ikko ba tuntuɓe aka yi da su ba, bin sawu aka yi da taimakon masu bincike na ƙasashen waje, kuma wanda ya iya bin sawun buhu 196 ba zai rasa sa'a guda ta ganin alƙali ba. Ban da haka, ba wanda ya ce a nemi takarda kafin a buɗe kwantena a Apapa, ko jaka a filin jirgin sama, ko kafin a kama maharbin da aka tarar da bindiga da gawar dabba a tsakiyar Yankari ko Gashaka-Gumti. Ana magana ne a kan gida da shago da rumbun ajiya.

Ko a Amurka an yi wannan ja-in-ja. Tun 1924 Kotun Ƙolinsu ta ce kariyar gida ba ta kai ga fili da gona ba, sai ma'aikatan namun daji suka mai da gonakin mutane hanyar wucewa. A jihar Tenesi har kyamara suka ɗaura a kan bishiya a cikin filin wani mutum, ba saninsa, ba takardar kowa. Masu filaye biyu suka kai ƙara, a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ce irin wannan shiga ta saɓa wa tsarin mulkin jihar. Idan mai fili a Amurka sai da ya yi shekaru a kotu kafin ya sami haƙƙinsa, ina ga mai tabarma ɗaya a Mile 12?

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai 'yan Arewa da ke sayar da kan ungulu da fatar damisa da aku a kasuwannin Kudu, wasu da sani, wasu a cikin jahilci. Dokar hana fataucin irin waɗannan tana nan tun 1985, an kuma ƙara tararta a 2016. A shekarar 2016 ɗin ce ƙasashen duniya suka haramta cinikin ɗankunya da aku mai jan wutsiya tsakanin ƙasa da ƙasa. Takardar alƙali ba za ta wanke mai irin wannan kaya ba, hasali ma ita za ta sa laifinsa ya tabbata ba gardama. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su tara mutanensu su karanta musu jerin dabbobin da aka hana, da Hausa, kafin wani ya zo ya karanta musu da kulki.

Su kuma 'yan majalisar da suka fito daga Arewa, waɗanda ke tuna mazauna Kudu sai in zaɓe ya ƙarato, ga aikinsu. Su tsaya a rubuta cewa sunan mai gida da wurin da abin da ake nema su kasance a kan takardar, a nuna masa ita tun a bakin ƙofa, a fassara masa in ba ya jin Turanci. A bar masa kwafin jerin kayan da aka ɗauka, da sa hannun ma'aikaci da lambarsa. A yanka kwanakin da dole a kai kayan gaban kotu, musamman dabba mai rai wadda ke iya mutuwa a ofis kafin a kira shari'a. Ma'aikacin da ya fasa ƙofa ba takarda kuwa, a gurfanar da shi da sunansa, diyyar kuma ta taɓa albashinsa.